Mugayen makaɗa a wasan Switch: wanne za ka saya wa yaro?

Ƙanena ya matsa mini in nemo masa wasan bidiyo na na'urar Switch da mugayen cikinsa makaɗa ne, sai na zauna na gwada uku kafin in fidda jikkunana.

Wanda yara suka fi sani a nan Yamai shi ne Donkey Kong Country Returns. A 2010 ya fara fitowa a na'urar Wii, aka sabunta shi don Switch a Janairun 2025. Mugayensa, ƙabilar Tiki Tak, kowane jikinsa abin kiɗa ne: ga mai siffar agidigo, ga 'yan caki uku, ga wani kamar gurmi, ga mai kama da balafo na ƙasusuwa. Da kiɗa suke juya hankalin dabbobin tsibiri su sa su sace ayabar Donkey Kong, goggon birin wasan. Mutum biyu na iya bugawa tare, gidan da ke da yara biyu ya huta da rigima. Sai dai kiɗan nan kwalliya ce. Ko ka kashe sauti, tsallenka kawai za ka yi ka wuce.

Cadence of Hyrule, na 2019, shi ya sace zuciyata. Mugun, Octavo, molon zinariya yake riƙe da shi, kuma yana da zakaru huɗu, cikinsu har da Wizzroboe mai busa wani abu kamar algaita da Gohmaracas mai caki. A nan kowane takunka sai ya faɗa kan bugun kiɗa, abokan gaba ma haka suke motsi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokowa ya ga yadda ɗan kokowa ke taka ƙasa daidai da gangar makaɗinsa, zai gane abin nan take. Ka kuskure bugu, takun ya tafi a banza. Wanda kunnensa bai saba ba, akwai inda ake kashe wannan sharaɗi ya koya a hankali. A Switch kaɗai yake, kuma kaset ɗin da ya fito a 2020 yana ɗauke da duk ƙarin da aka yi masa, abin da ke da amfani ga wanda ba shi da katin biya ta intanet.

Tushensa, Crypt of the NecroDancer na 2015, yana tafiya ko a tsohuwar kwamfuta, inda har waƙoƙinka za ka iya sa masa. Mugayen makaɗa King Conga da Coral Riff, wata dabbar teku mai hannuwa takwas, suna can. Amma yana da tsanani ƙwarai, mutuwa ɗaya ta maida ka baya. Ba na ƙaramin yaro ba ne.

Cadence na saya. In na hannu ne za ka ɗauka a kasuwa, ka sa mai shago ya zura kaset ɗin a na'ura a gabanka, ka ga ya buɗe, ka duba ko rubutun na fita da Faransanci.