Kalar asid ko rini: abin da na gani a daɓen gidan abincina

Duk mai gidan abinci ya san abin da tayil yake yi wa mutum. Ƙafar kujera ta fasa ɗaya, ka je kasuwa ka tarar an daina kawo irinsa, layukan tsakani kuma su yi baƙi ƙirin da manja da miya, ko da me yara suka goge ba sa fita. Shi ya sa da za mu buɗe sabon wuri a nan Kano na ce kankaren zan bari haka nan, a gyara fuskarsa a ba shi launi. Mai aikin, wani matashi da ya koyi sana'ar a Abuja, ya kawo mini hanya biyu, kala mai asid da kuma rini. Duka biyun muka yi, asid a barandar da muke jera tebura da yamma, rini a babban ɗakin ciki. Damina da rani sun bi ta kansu, don haka ina da ta cewa. Kafin ka buɗe takardar launuka, fara duba ko rana tana taɓa wurin, sannan ka duba irin kankaren da birkila ya zuba maka. Waɗannan biyun ne za su yi maka zaɓi.

Kalar asid ba fenti ba ce. Abin da ke cikin jarkar ruwa ne da ɗan asid ɗin haidirokulorik da gishirin ƙarafa, na baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe ko manganis. Asid ɗin ya buɗe fuskar kankaren, gishirin ya shiga ya haɗu da sinadarin farar ƙasa da siminti ke fitarwa idan ya sha ruwa ya daskare, sai launin ya haifu a jikin kankaren. Ba ya ɓarewa, ba ya ɗayewa, sai dai in fuskar daɓen ce ta cinye.

Ranar da aka fesa ta a baranda ina tsaye. Da famfon feshi na roba irin na manoma aka yi, domin asid yana cin ƙarfe, wani yaro kuma yana biye da burushi yana murzawa. Ruwan ya fito kore-kore mai ratsin rawaya, yana taɓa ƙasa sai ya hau 'yar kumfa da ƙara siririya, ga wari mai shiga hanci. Na ce, "Malam, ai ruwan makuba muka yi da kai." Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri zuwa gobe." Washegari wurin ya yi fururu da wani gari kamar tsatsa, ba kyan gani ko kaɗan. Sai da aka wanke, ruwa ya kwanta a kai, sannan launin ya bayyana: wani wuri ruwan goro, wani wuri duhu sosai, gefen ginshiƙi kuma haske-haske, da jijiyoyi suna bin sawun cokalin birkila. Tamkar lalle take, kwaɓi ɗaya ne amma kowane hannu da yadda yake kama shi. Ni wannan ne ya burge ni. Wanda yake son launi bai ɗaya daga bango zuwa bango kuwa, ransa zai ɓaci, kuma babu yadda za a yi a mayar.

Launukanta kaɗan ne: dangin ruwan ƙasa, ja-ja irin na tukunya, ruwan zuma, wani mai kusan baƙi, sai kore mai shuɗi-shuɗi da jan ƙarfe ke bayarwa. Wannan na ƙarshen mai aikin ya hana ni sa shi a waje, domin danshi yana mayar da shi baƙi, ga shi barandarmu feshin ruwan Agusta yana shigo mata.

Wahalar asid tana wajen wanki. Bayan ta yi awanni tana aiki, dole a kashe kaifinta da hodar soda ta masu burodi ko amoniya a cikin ruwa, a goge, a kwashe, a sake ɗauraya, har sai an shafa farin ƙyalle ya fito fes. In aka bar garin nan, man rufin da za a shafa daga baya ba zai kama ba. A unguwar da famfo ba ya kawo ruwa, ka sa kuɗin 'yan garuwa a lissafinka tun farko, don kura-kura muka sha. Ruwan wankin ma ba a watsa shi kan shuka.

Akwai kuma inda ta ƙi. Mun gwada a wani lungu na sito, tsohon daɓen da muka tarar a wurin, mai yashi da yawa siminti kaɗan, ga mai da ya sha shekara da shekaru. Abin da ya fito wani fatsi-fatsi ne mara rai. Tsohon kankare farar ƙasarsa ta ragu, inda mai ya shiga kuma ruwan ba ya ratsawa. A nan nake jan kunnen masu gini. Sabon kankare sai ya kwana 28 kafin a taɓa shi da kala, kuma a cikin kwanakin nan kada masu fenti da masu silin su mai da shi wurin kwaɓi. Katako ko rodi da aka yar a kai zai bar hotonsa. Mafi muni ita ce al'adar nan ta wanke sabon gini da asid don a cire ɗigon siminti. Wanda ya yi haka ya ƙone abin da kalar za ta kama, ya gama da daɓen.

Rini kuwa ba ruwansa da sinadarin da ke cikin kankare. Ƙwayoyin launi ne ƙanana ƙwarai da ake narkarwa a asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa da kama wuta, ko a ruwa, su bi ƙofofin kankaren su shige. Namu gari ne aka kaɗa a asiton. An fara gurza daɓen da inji mai haƙoran daimon, ana sauya su daga masu kaushi zuwa masu laushi na lamba 400, aka fesa rinin, aka sa ruwan da ke ƙara wa kankare tauri, sannan aka ci gaba da gogewa da 800 da 1500 har fitilun sama suka fito a ƙasa. Ruwan toka mai duhu na zaɓa, da zanen shuɗi a gefe, kuma abin da na gani a gwaji shi na samu. Cikin 'yan mintoci ya bushe, babu wankin soda, babu jira. Ja, shuɗi, rawaya, shunayya, duk akwai, har tambarin shago ana iya fitarwa.

Amma asiton abin tsoro ne, kuma ban ga ana faɗa wa mutane wannan yadda ya kamata ba. Yana tafasa a digiri 56, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana haura 40, don haka da rana kafin feshin ya sauka ƙasa ya bushe a iska. Bayan sallar asuba mai aikin ya yi nasa. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je ya tarar da wuta a inda take. Sai da muka rufe tukwanen gas, aka kashe janareta, aka buɗe tagogi, aka hana kowa taɓa makunnin lantarki. Na yaba wa mai aikin a kan wannan, don wani lebura da ya zo da sigari a kunne ma bai bar shi ya shiga ba. In wurinka ba shi da iska sosai, nemi rinin ruwa. Launinsa bai kai na asiton kaifi ba kuma yana ɗan jinkirin bushewa, amma ba ya kama wuta.

Aibin rini rana ce. Ƙofarmu ta gilas yamma take kallo, daga la'asar rana tana kwanciya a bakin ƙofar. Shuɗin da ke wurin ya koɗe, in ka ɗaga tabarmar goge ƙafa za ka ga asalin launin a ƙarƙashinta, bambancin a fili yake. Mai aikin ya faɗa mini haka za a yi tun kafin ya fara. Barandar asid kuwa, wadda take shan rana fiye da nan, launinta yana nan yadda yake. Saboda haka duk wanda ya ce zai sa maka rini a tsakar gida ko farfajiya, ka ce masa a'a.

Batun kuɗi, ruwan kalar ba shi ne mai cin aljihu ba, ko da yake duk daga waje ake shigo da su kuma farashinsu dala yake bi. Galan ɗaya na asid, wato lita 3.8, yakan rufe murabba'in mita 20 zuwa 30 a shafi ɗaya. Sunayen da za ka fi ji a bakin masu aikin su ne Kemiko da Lithochrome Chemstain a ɓangaren asid, Ameripolish a ɓangaren rini. A wurina ɗakin ciki ya fi baranda tsada nesa ba kusa ba, saboda hayar injin gurza da man janaretan da ya ja shi.

Kowanne ka zaɓa, kulawa tana nan. Barandar an shafa mata man rufi na akirilik, wanda masu aikin ke kira sila, kuma in ya jiƙe yana da santsi, sai da aka zuba masa wani gari mai kaushi a shafi na biyu. Ƙurar hunturu tana dusashe shi a hanyar da masu kai abinci ke bi, don haka sabunta shi ya zama dole lokaci-lokaci. A ciki kuma zoɓo da lemon tsami su ne abokan gaba, in suka zube aka bar su sai su ci ƙyallin su bar tabo. Yarana sun san da zarar kofi ya kife, tsumma ake fara ɗaukowa kafin a kawo wa baƙo wani. Ƙafafun kujeru duk mun sa musu roba, ƙofar yamma kuma na ba da aikin rumfa da za ta tare ranar la'asar kafin a sake fesa shuɗin bakin ƙofar.