Kafin ki kashe kuɗi kan yaron da ba ya son karatu da murya

Ɗana shekararsa 7, a gida nake koya masa boko nan unguwar Aboabo a Kumasi, da yamma kuma ya tafi makarantar allo. A can wurin malam har bakin titi ake jin muryarsa, amma a gida da na ce karanta min layi ɗaya na Turanci sai ya sunkuyar da kai, ko ya ce fitsari yake ji. Na daɗe kafin na gane cewa a can tare suke ɗaga murya, in ya yi kuskure ba mai ji, a nan kuwa shi kaɗai ne ga ni na zuba masa ido. To 'yar uwa duk abin da za ki saya ki fara dubawa, zai rage masa kunyar nan ko ƙara ta zai yi?

Da yawa tabilet suke fara nema. Ni dai na ce a dakata, wayar hannunki ma ta isa gwaji. Akwai manhajar Google mai suna Read Along, kyauta ce, yaro na karantawa tana saurare, in ya kakare ta faɗa masa kalmar, in ya yi daidai ta ba shi tauraro, kuma in kin sauke labaran ba sai da data ba. Ɗana ya so ta don ba ta tsawa ba ta gajiya. Matsalar ita ce da kin juya baya ya koma katun, ga cajin da ke ƙarewa ranar dumsor, wato ranar da aka ɗauke wuta, sannan a gidan haya mai hayaniya ba ta jin yaron sosai.

Katunan koyon sautin baƙaƙe irin na tsarin Jolly Phonics mai sautuka 42 suna da amfani in har yanzu haɗa baƙaƙe ne ke ba shi wuya. In ya riga ya iya, kunya ce kawai, kar ki ɓata kuɗinki.

Malamin lesin ya fi duka tsada tunda wata-wata ne, kuma in aka samu mai zafin hannu wallahi sai yaron ya ƙara rufe baki. In za ki ɗauka ki zauna a darasin farko ki ga yadda yake gyara kuskure.

Abin da ya fi min aiki shi ne littattafan gwanjo masu hotuna da manyan baƙaƙe, na kasuwar Kejetia. Ki tafi da yaron ya zaɓa da kansa, a buɗe shafi ɗaya a nan gaban mai kayan ya gwada a hankali, in kalmomi biyar suka kayar da shi a shafin to ya fi ƙarfinsa, a ajiye duk kyawunsa. Gara wanda ya yi masa sauƙi har kina ganin na ƙanana ne. In babu kuɗi a aljihu akwai laburare a Cultural Centre, wato cibiyar al'adu ta Kumasi, kuma shafin intanet na African Storybook na da labarai kyauta har da na Hausa, sai ki kai a buga miki a takarda.

Yadda muke yi yanzu, bayan magariba minti 10 kacal, mu karanta tare murya ɗaya kamar a makaranta, ina rage tawa kaɗan-kaɗan har ya zarce shi kaɗai bai sani ba. Shekaranjiya na fito daga wanka na tarar ya zaunar da ƙanwarsa a tabarma yana karanta mata, sai na laɓe a bayan labule har ya kai ƙarshen shafi.