Gargaɗi: Masu Tallar Gudumar Iska Ta Tafin Hannu Suna Ɓoye Muku Tiyo

Jama'a, musamman kafintoci da masu gida da ke son yin 'yan gyare-gyare da kansu, a yi hattara da tallar wata 'yar na'urar buga ƙusa da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. A jikin kwalinta ana rubuta palm nailer. Na'urar gaskiya ce, tana kuma da amfani. Matsalar tana wajen wasu masu sayar da ita, waɗanda ke karɓar kuɗin mutane a kan abin da ba zai yi aiki ba yadda suka siffanta shi.

A bidiyon tallar za ka ga hannu riƙe da wani dunƙulen ƙarfe, an dafa shi a kan ƙusa inci uku, kafin ka ƙifta ido ta shige cikin katako. Sai a rubuta a ƙasa cewa ba ta bukatar wuta, ba ta bukatar batir. Ba su yi ƙarya ba a nan, sai dai sun bar rabin maganar. Ka tsayar da bidiyon ka duba gefen wuyan hannun mai aikin. Ko dai an yanke hoton daidai wurin, ko an tura tiyo cikin hannun riga. Wannan tiyon shi ne ran na'urar, domin da matsattsiyar iska take aiki, iskar kuma daga kwamfaresa, wato injin matsa iska, take zuwa. In babu kwamfaresa, ƙarfen banza ka saya.

A cikinta akwai fistin da ke ɗauke da siririyar sandar ƙarfe. Ba ta da kunama irin ta bindigar ƙusa. Kana sa ƙusa guda ɗaya a bakinta, mayen ƙarfe ya riƙe kan ƙusar, sai ka danna da tafin hannu. Dannawar ce ke buɗe wa iska hanya, sandar ta shiga dukan ƙusar da gajerun bugu masu sauri, sama da dubu a minti, har ta nutse. An yi ta ne don lungun da guduma ba ta samun wurin ɗagawa: tsakanin katakon rufi, kusurwar silin, cikin kabad, ƙarƙashin bene. Ƙananan ba su wuce rabin kilo da 'yan kai ba, kuma iyakarsu ƙusa inci uku da rabi. Manyan sun haura kilo ɗaya, su ne ke ɗaukar ƙusa inci biyar ko shida. Akwai wadda ba ta da tiyo da gaske, irin ta kamfanin Milwaukee mai batir 12V, amma ita za ka ga batirinta da cajarta ƙuru-ƙuru. Duk wadda ka ga ɗan bakin ƙarfe ko na tagulla ya leƙo a gefenta, ta iska ce, ko me mai talla ya ce.

Wanda ya gano wannan ya yi tambaya, sai su juya zuwa dabara ta biyu, wadda ta fi cin mutane. Za su ce ai akwai "cikakken saiti", su haɗa maka da ɗan famfon hura tayar mota mai shiga soket ɗin 12V, su nuna maka inda aka rubuta 150 PSI a jikinsa. Na'urar kuwa 70 zuwa 100 PSI take so, to ai lissafi ya fita ke nan, ko? Bai fita ba. PSI ƙarfin matsin iska ne kawai. Abin da gudumar ke ci shi ne yawan iskar da ke kwararowa, kuma yawancinsu suna shan 2 zuwa 4 CFM a kan 90 PSI, wato tsakanin lita 57 da 113 a minti ɗaya. Ɗan famfon taya yana kai matsi mai yawa ne a hankali, cikin rufaffiyar taya, kuma ba shi da tankin ajiya. Iskar da yake bayarwa 'yan lita goma-goma ce a minti tun babu matsi a gabansa, matsi na hawa tana ƙara raguwa. Ka haɗa shi da gudumar, za ta yi "tak, tak" sau biyu ko uku ta tsaya, ƙusa ko rabi ba ta shiga ba, famfon kuma ya ɗau zafi. Bakin tiyonsa ma na hancin taya ne, ba ya shiga ramin kwata inci na na'urar.

Abin da ke tafiyar da ita shi ne kwamfaresa mai tanki, ko da ta lita 24 ce. Irin wannan tana cika ta tsaya a wajen bar 8 (bar ma ma'aunin matsi ne, kamar PSI), ta sake tashi in ta sauka kusan bar 6. Tsakanin waɗannan biyun akwai iska kamar lita 48 a ajiye, kuma tun da kowace ƙusa daƙiƙu kaɗan take ci, tankin na samun sararin cikowa. Amma a lura da lambar da ake mannawa a jiki da manyan haruffa, kamar "200 L/min". Sau da yawa wannan iskar da fistin ke zuƙa ce, wadda ke fita ta tiyo ba ta kai haka ba. Ka nemi adadin da aka rubuta a kan 90 PSI ko bar 6. Sannan kwamfaresa mai ƙarfin doki biyu tana cin kusan wat 1,500, lokacin tashi kuma tana fizgar ninkin haka. Ƙaramin janareton fitila da fanka ba zai tashe ta ba. Duk wannan kuɗi ne da mai talla bai ambata ba, kuma ya fi kuɗin gudumar nesa ba kusa ba. Wanda aikinsa bai wuce gyaran silin ɗaki ɗaya ba, gudumar hannu ta ishe shi.

Akwai kuma ƙaryar cewa tana huda bulo da kankare. Don katako aka yi ta. In ka dafa ƙusar kankare a bango, ko ƙusar ta karye ta yi tsalle zuwa fuska, ko kan sandar ciki ya baje. Ƙusar kwano mai faɗin hula ma ba ta shiga bakin yawancinsu.

Wata shawara da wasunsu ke bayarwa ta wuce damfara, ta kai ga hallaka: wai in ba ka da kwamfaresa ka ari tukunyar iskar masu walda. Kada a kuskura. Iskar oksijin ce, cikin na'urar kuma akwai mai, haɗuwarsu a ƙarƙashin matsi na iya kama wuta ta fashe a hannunka. Haka nan kada a ja iska da bututun ruwa na roba mai tauri, in ya fashe tarwatsewa yake yi.

Sai masu sayar da ta gwanjo da sunan sabuwa. Ana wanke ta, a fesa fenti, a manna sunan babban kamfani. Ka duba kan kusoshin da suka ɗaure murfin. In fenti ya cika ramukansu, ko gefunan sun cinye saboda yawan kwancewa, ta sha aiki. Ka leƙa cikin bakin da tocila: kan sandar ya kamata ya zama a miƙe sumul, ba a baje ko a gutsure ba. Ka sa ƙusa ka kifa bakin ƙasa. In ta faɗo, mayen ƙarfen ya fita ko ya mutu, kuma dole ka riƙa riƙe ƙusa da yatsu kusa da inda ake duka. Ga wata alama ga masu lura: tun 2018 kayan aikin Hitachi suka koma fita da sunan HiKOKI, a Amurka kuma Metabo HPT. Wanda ya ce maka tasa Hitachi ce fitowar bana, sai ya yi bayani. Ta gaske tana da lambar samfuri da takardar bayani mai zanen kayan cikinta, don a iya sayen robobin zobe masu hana yoyon iska in sun lalace.

Tsohuwar kwamfaresa ta fi bukatar ido. Ka karanta farantin jikin motarta, wato injin wutar da ke juya ta. In an rubuta 120V 60Hz, ta Amurka ce, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230V ce a kan 50Hz. Taransifoma na rage ƙarfin wutar amma ba ya canza Hz, wato saurin kaiwa da komowar wutar, motar za ta riƙa juyawa a hankali tana zafi. Ka buɗe ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki. Ruwa kaɗan ba komai ba ne, amma jan ruwa mai ɓarɓashin tsatsa na nufin tankin na ci daga ciki. Tankin da aka yi wa faci da walda, ko wanda aka cire bawul ɗin tsaro mai ɗan zobe aka toshe ramin da noti, kada ka karɓe shi ko kyauta.

Kada a biya sai an gwada, ba a cinikin biri a sama. In mai kaya ba shi da iska, ku tafi wajen mai faci ko mai fentin mota da ke da makunnin daidaita matsi. A ɗiga man kayan iska ɗigo biyu ko uku a ramin shigar iska, ban da baƙin man mota, don yana lalata robobin ciki. A saita 80 zuwa 90 PSI, a juya bakin nesa da mutane kafin a haɗa tiyo. In ta ci gaba da bugawa ba a danna ta ba, ko kana jin huci daga murfi ko baki, robobin sun bushe. Ruwan sabulu zai nuna inda take yoyo. Wani lokacin yoyon daga mahaɗin tiyo ne kawai: zaren kwata inci na Amurka haƙora 18 ne a inci, na Ingila 19, suna kama juna zagaye biyu ko uku su cije, wanda ya matsa da ƙarfi ya tsaga ramin. Daga nan a buga ƙusa inci uku guda goma a katako tu-bai-fo, har da mai tauri irin maɗaci. Kowace ta shige cikin daƙiƙu kaɗan ba tare da sandar ta maƙale ba. A sa tabarau da abin toshe kunne, don tana da ƙara sosai, kuma kada a danna ta babu ƙusa a ciki.

Wasu kuma babu ma kayan gaba ɗaya. Shafin sabo ne, an kulle sharhi, babu adireshin shago, sunan asusun banki daban da sunan shafin. Za a ce saura guda biyu, ka tura kuɗin kafin alƙalami. Bayan ka tura sai a nemi na webil, sai na kwastan, daga nan lambar ta daina shiga. Kafin ka tura ko sisi, ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, a nuna maka na'urar haɗe da tiyo da kwamfaresa tana buga ƙusar da ka zaɓa.

Wanda ya riga ya tura, ya kira bankinsa nan take ya ba da lambar cinikin, ya nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓi kuɗin, don ana kwashewa ne cikin sa'o'i. Ya ajiye hoton tallar da hirarsu da rasit kafin a goge shafin, ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. In kuwa mai shago ne sananne ya sayar da abin da ba haka ya siffanta ba kuma ya ƙi karɓa, a Najeriya hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi, kuma za ta nemi rasit da hoton tallar.