Na'urar katin nan mai koya wa yara kalmomin Turanci, abin da na gani bayan wata huɗu

Assalamu alaikum iyaye. Tun ranar da na ɗora hoton abin nan a status ake ta tambayata wai yana da amfani ko zubar da kuɗi ne, to ga abin da na gani da idona, don yau wata huɗu kenan yana hannun yarana, auta mai shekara 3 da rabi da yayanta da ke aji 2 na firamare.

Ƴar na'ura ce ta roba, ba ta wuce tafin hannu ba, tana zuwa da kati 112, gaba da baya duk akwai hoto, kenan kalma 224. Yaro zai zura kati ta sama sai ta faɗi sunan abin da Turanci, in dabba ce har kukanta za ta yi, in mota ce ta yi ƙarar mota, akwai kuma maɓallin maimaitawa. Da igiyar USB ake cajinta, ba ruwanta da data ko intanet, ko babu wuta pawa banki ya isa. Abin da ya fara burge ni shi ne ta raba auta da wayata.

Wajen furuci kam ta biya ni kuɗina wallahi. Kun san mu Hausawa p da f duk ɗaya ne a bakinmu, v kuma babu ita sam a Hausa sai mu mai da ita b, shi ya sa za ka ji babba da ilminsa ya ce fen maimakon pen, ko ban maimakon van. To yarinyar nan tun da take ji tana maimaitawa sau ba adadi, yanzu pen take cewa tsaf da leɓe a haɗe, fish kuma ta ce fish, ba ta gauraya su. Wannan abu ne da gyara shi ke da wuya in an girma, na ji daɗi sosai.

Amma fa masu saya don sifelin, a nan nake so ku tsaya ku ji ni da kyau. Na'urar nan ba ta koyar da sifelin. Kalmar kawai take faɗi gaba ɗaya, ba ta karanto haruffa ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuma rarraba sautuka, shi kuma yaro hoto yake kallo ba rubutun da ke ƙasa ba. Ni don yayan na saya tun farko saboda diktashin ɗin da ake musu duk Juma'a, ya haddace katunan nan kaf cikin sati biyu, da na ce ya rubuta min knife sai ya rubuta naif, elephant kuma elifant. Kuma ba laifinsa ba ne, da dokar Hausa ya yi aiki, mu a bokonmu yadda ka ji haka za ka rubuta, shi kuwa Turanci harafi 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44, ga haruffan da ake rubutawa ba a furta su kamar k ɗin knife da w ɗin write. Kunne kaɗai ba zai taɓa ba yaro wannan ba.

A makarantarsu da tsarin Jolly Phonics ake koya musu, wato koyon karatu ta hanyar sautukan haruffa, sauti 42 ne a rukuni 7, ana farawa da s, a, t, i, p, n don yaro ya iya haɗa sat da pin da tap da kansa. Katunan nan kuwa jinsi jinsi aka jera su, dabbobi, ababen hawa, kayan marmari, sai ka ga yaro ya ci karo da helicopter alhali bai iya rubuta bus ba. Abin da na yi sai na zauna na tsamo masu harafi uku, cat, dog, bus, bed, cup, sun, na ɗaure su da roba daban, kullum bayan ya dawo daga Islamiyya mu ɗauki biyar, na'ura ta faɗa, ya kalli rubutun, in kife katin ya rubuta a ƙaramin allo da alli. A nan ne na fara ganin canji a makinsa.

Sai kuma Turancin Amurka ne a ciki, mu kuwa makarantunmu na Ingila suke bi, katin launin toka gray aka rubuta, malama kuma grey take so. Akwai hotunan da yaron Kano bai taɓa gani ba irin su penguin, amma babu gero babu dawa, kuma ba ta fassara, dole ke uwa ki zauna ki ce masa goat akuya ce, in ba haka ba aku kawai za ki samu a gida. Katin takarda ne, in ya jiƙe ko ya lanƙwashe ta ƙasa shi ke nan ba za ta karanta shi ba, mun yi asarar guda tara.

Mai ɗan shekara 2 zuwa 4 ta saya ba za ta yi nadama ba in sha Allah. Mai ɗan firamare ta haɗa da allo da alli. Kuma dan Allah kafin ki biya ki sa mai sayarwa ta kunna ta gwada miki kati ko goma ne, ki ji muryar na fita sosai.