A ina ya fi dacewa ka sha gas: manyan gidajen mai, na 'yan kasuwa ko wajen 'yan bumburutu?

Tun da na koma hawa mota mai gas, wato dizal nake nufi ba gas ɗin girki ba, babu tambayar da aka fi yi min kamar wai a ina nake shan mai, don duk wanda ya taɓa kai motarsa wajen masu gyaran injekta ya ji kuɗin da aka yanka masa to daga ranar ba ya ƙara tsayawa a kowane famfo da ya gani a hanya. Ni ma sai da na sha wuya na koyi hankali, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani ko wani zai tsira da 'yan kuɗinsa.

Abu na farko kafin ma a zo maganar gidan mai, wace irin mota ce da kai? Wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya amma mutane sun fi son tsallake shi. Tsoffin injina irin na Land Cruiser mai 1HZ, ko tsohuwar Marsandi, ko Kanta da J5 na da, famfonsu na ƙarfe ne zalla babu wata kwamfuta a ciki, suna da haƙuri kamar jaki, ka zuba musu man da bai kai ba za su yi tari su yi hayaƙi amma su kai ka gida. Sabbin kuwa, irin Hilux mai D-4D da duk 'yan Turai na hannu da ake shigowa da su, wani tsari ne daban, famfo yana matse man da ƙarfin da ya kai 1,600 zuwa 2,000 ko fiye a ma'aunin matsi na bar, sannan ya feso shi ta wasu ƙofofi 'yan mitsi-mitsi kamar kaurin gashin kai. Kuma shi man da kansa shi ne yake shafe cikin famfon da injektocin kamar yadda baƙin mai yake yi wa inji. Ka ga kenan ɗigon ruwa ko ƙurar da tsohuwar mota za ta haɗiye ko gezau, ita sabuwa sai ta kwantar da ita. Don haka in abokinka mai tsohuwar Kanta ya ce maka ai shi shekara goma yana sha a bakin titi bai taɓa ganin komai ba, gaskiyarsa ce, amma ba gaskiyar motarka ba ce.

To mu zo kan wuraren. Akwai manyan kamfanoni da kowa ya sani, su TotalEnergies, Conoil, MRS, AP ta Ardova, Mobil da yanzu 11Plc ke riƙe da ita, sai kuma gidajen NNPC waɗanda suka ƙara yawa bayan da kamfanin ya sayi OVH masu gidajen Oando a 2022. Abin da kake saya a wajensu ba wani man sihiri ba ne, sau da yawa ma dafo ɗaya suke lodi da sauran mutane. Abin da kake biya shi ne tsari. Suna da masu zagayen duba inganci, suna auna nauyin mai kafin tanka ta sauke, ana zura sanda mai man gano ruwa a tankin ƙasa, kuma in abu ya ɓaci akwai ofishin da za ka je da rasit ɗinka ka yi magana a saurare ka don suna tsoron ɓacin suna. Illarsu ita ce yawanci litarsu ta ɗan fi tsada, kuma da ka bar manyan garuruwa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba. Sannan a sani cewa da yawa daga cikin gidajen dillalai ne ke gudanar da su, allon kamfani ne a sama amma hannun da ke kula da tanki na mutum ne, in mai sakaci ne allo ba zai hana ruwa shiga ba.

Sai 'yan kasuwa masu zaman kansu, 'yan ƙungiyar IPMAN, waɗanda a nan arewa su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. A nan ne mutane ke yin kuskuren yi musu kuɗin goro. Akwai manya a cikinsu irin su A.A. Rano da AYM Shafa da Matrix da suke da tankokinsu na kansu da gidaje a jihohi da dama, waɗanda a wajen tsari ba su da maraba da waɗancan na sama. Akwai kuma Alhaji mai gida ɗaya tak a bakin gari, famfo biyu, yaro ɗaya, wanda sai ya tara kuɗi yake sayo rabin tanka. Shi ma ba lallai ne mugu ba, wani ma ya fi kowa tsoron Allah, matsalarsa dai ciniki. Gas ɗin da aka sauke tun kafin azumi yana nan kwance har bayan babbar sallah, tankin ƙasa rabi iska, da rana ya yi zafi da dare ya huce, raɓa ta taru a ciki ta gangara ƙasa, in damina ce kuma murfin bai rufu da kyau ba ruwan sama ya ƙara. A tsakanin ruwan nan da man wasu ƙwayoyin halitta ke rayuwa su haifar da wata baƙar yauƙi, ita ce kake gani in bakanike ya kwance maka filta ya nuna maka yana girgiza kai.

Shi ya sa ni ma'aunina na farko ba sunan da ke kan allo ba ne, yawan ciniki ne. Gidan da za ka ga tireloli da motocin kamfanoni da masu janareton otal da asibiti suna layi a famfon gas, man wajen ba ya kwana biyu, kuma waɗannan mutanen ba sa yafiya, direban da ke shan lita ɗari huɗu a tashi ɗaya in aka cuce shi sau ɗaya duk tashar sai ta ji. Ka bi hanyar Kano zuwa Kaduna ka lura da inda manyan motoci ke tsayawa shan mai, ba inda suke tsayawa cin abinci ba fa, akwai bambanci. Ko ka tambayi direbobin kamfani a unguwarku inda ofishinsu ya yarda su sha, yawanci sun riga sun yi maka binciken kyauta.

Yanzu 'yan bumburutu. Ba zan yi ƙarya in ce ban taɓa saya ba, wanda ya taɓa maƙalewa da dare tsakanin ƙauyuka allura ta kwanta ya san ranar da mai jarka ke zama ɗan uwa. Amma a fahimci wani abu, gas ba fetur ba ne. Shi fetur shekara da shekaru yana da tallafi har zuwa 29 ga Mayun 2023, shi ya sa ake samun layi da ƙaranci da kasuwar bayan fage. Gas kuwa tuntuni gwamnati ta sakar wa kasuwa farashinsa, ba kasafai yake yankewa ba, kawai dai ya yi tsada, kamar yadda muka gani a 2022 bayan yaƙin Rasha da Ukraine lokacin da lita ta tashi daga wajen naira 300 ta haura 800 cikin 'yan watanni. To in abu ba ya ƙaranci, kuma mai jarka yana sayar maka ƙasa da farashin gidan mai, ai sai ka tambayi kanka daga ina ya samo. Wani daga tankin tirela aka zuƙo, direba ya rage wa maigidansa, wannan man ƙila mai kyau ne amma na sata ne kuma jarkar da aka zuba shi jiya ba ka san me ta ɗauka ba. Wani kuma na dafuwar daji ne daga yankin Neja Delta, wanda can suke ce wa kpofire, ɗanyen mai da aka fasa bututu aka dafa a duro, babu mai tace masa farar wuta ko auna komai, irin aikin da ya sa baƙin toka ya riƙa sauka a Fatakwal tun wajen 2016. Wani kuma haɗi ne, a da can kalanzir ake zubawa lokacin da yake da tallafi yana arha, yanzu da kalanzir ya yi tsada sai wasu su koma haɗawa da duk abin da ya fi sauƙi. Kalanzir busasshe ne ba shi da santsin gas, mota za ta tashi lafiya lau ka ce ai babu komai, a ciki kuwa famfo yana cin kansa a hankali sai bayan watanni ka ji labari.

In dole ta kama, saya kaɗan wanda zai kai ka gari, a tace maka da ƙyalle mai tsafta, kada a juye maka har ƙarshen jarka don nan dattin yake kwanciya. Kuma kada ya zama ɗabi'a.

Mutanen kan iyaka, Daura, Jibiya, Maigatari, Illela, su suna da wani zaɓin, man Nijar. Matatar Soraz da ke kusa da Damagaram tana aiki tun 2011, ganga 20,000 a rana, kuma in ka tsallaka ka sha a gidan mai na ƙa'ida a Maraɗi ko Damagaram ba ka da wata fargaba ta musamman. Amma wanda ya biyo ta daji a jarka a bayan babur cikin ƙura, ko daga ina asalinsa yake ya riga ya koma hukuncin bumburutu.

Akwai maganar farar wuta da ya kamata masu 'yan Turai su sani. A Turai tun 2009 ba a yarda gas ɗin mota ya wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta ba, motocinsu a kan haka aka ƙera su. Mu kuwa an daɗe ana jibge mana mai datti, a 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto ta nuna ana sayar wa Afirka ta Yamma man da ya ninka na Turai sau ɗaruruwa, daga baya ECOWAS ta tsayar da iyakar kashi 50 cikin miliyan a 2020. Matatar Dangote ta Lekki mai tace ganga 650,000 a rana ta fara fitar da gas a farkon 2024, har a watan Afrilu na shekarar ta sauke farashinta zuwa naira 1,000 kasuwa ta ɗan lafa, kuma kowa ya tuna cacar bakin da aka yi a watan Yuli tsakaninta da NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan tacewa da sayar da mai, a kan dai wannan farar wutar. Kai mai mota ba ka da na'urar aunawa a aljihu, ido ba ya gani hanci ba ya ji. Abin da za ka iya shi ne in motarka tana da matatar hayaƙi ta DPF a salansa, ka tsaya ga manyan gidajen da ka san ta hanyar ƙa'ida suke lodi, kuma ka rage tazarar juyen baƙin mai, don farar wuta tana saurin lalata shi.

Launi fa? Mutane na son cewa gas mai kyau kore-kore ne ko ruwan zuma, wani ya ce fari tas. Ni na daina dogaro da wannan, launi yana bin ɗanyen man da matatar da ta tace, kuma mai haɗi ma ya iya gyara launi. Abin da nake yi in zan gwada sabon waje shi ne in sa a zuba min kaɗan a kwalbar gilashi mai tsafta in ɗaga ta a rana. In ya yi garau kana hango yatsanka ta baya to madalla, in ya yi hazo-hazo kamar kunun kanwa da aka tsinka akwai ruwa, ajiye ta na wani lokaci, in ruwan da yawa za ka ga ya kwanta a ƙasa. Masu saye da yawa suna da ma'aunin nauyi da ake tsomawa, gas na gaske lita ɗaya tana wajen giram 820 zuwa 860, in ya yi ƙasa sosai an sirka shi da abu mara nauyi.

Sai cutar famfo, wadda ita ba ta kashe inji amma tana cin aljihu. Ka sauko daga mota ka ga an mayar da mita sifili da idonka, kada ka zauna a ciki kana danna waya. Sau ɗaya ka je da jarkar da ka san iyakar lita 10 ɗinta ka ce a cika, nan take za ka san ko litarsu lita ce. Wani gida da nake sha a da, ba zan kama suna ba, arharsu ce ta ja ni, ranar da na gwada jarka na gane ashe abin da suke rage min a farashi suna mayar da shi a mita har da riba. NMDPRA na rufe gidaje a kan irin wannan in an kai ƙara da hujja, shi ya sa rasit yake da amfani, ka karɓa ka jefa a aljihun mota ko da ba ka ga ranarsa ba. Saukowar tana da wani amfanin ma, ka tabbatar bakin famfon gas yaron ya ɗauko ba na fetur ba, don yana faruwa musamman da ƙananan motoci da yara ba su saba ganin masu gas ba. In tsautsayi ya sa an zuba fetur kada ka ko murɗa makulli, a tura ta gefe a zuƙe tankin.

In ka tarar tanka na sauke mai a lokacin, wuce ka dawo anjima, saukewar tana tayar da duk abin da ya kwanta a ƙasan tanki.

Lissafin da nake yi wa masu bin arha kullum ɗaya ne. Tankin Hilux lita 80 ne. A ce ka samu ragin naira 50 a kowace lita, ka cika fal ka tsira da 4,000. Je ka tambayi kuɗin injekta guda ɗaya ta asali, ka tuna guda huɗu ne a jiki kuma ba kasafai ɗaya ke mutuwa ita kaɗai ba, ka ƙara famfo da kuɗin aiki da kwanakin da motar za ta yi a gareji kana hawa adaidaita. Ni dai yanzu gida biyu nake da su a gari, ɗaya na babban kamfani ɗaya na ɗan kasuwa mai cinikin tireloli, in zan yi doguwar tafiya a ɗayansu nake cikawa kafin in fita, da filta sabuwa a but da sifana, kuma duk ranar da fitilar ruwa ta kama a dashbod nake tsayawa in kwance ƙasan filtar in tsiyaye, sannan in duba rasit na ƙarshe in ga wa ya sayar min.