Gyaɗar Turkiyya da tamu ta gida, a shago da kuma a tukunya

Yaya barka da war haka, ya gida ya yaran, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙaro sauƙi. Kin ce in ba ki labarin yadda ake harkar gyaɗa a nan Istanbul tunda ke sana'arki kenan, kuli da mai, toh ga shi nan yadda idona ya gane min. Tun farko bari in faɗa miki, wajen sayarwa da adanawa mutanen nan sun yi mana nisa sosai, amma wajen sa gyaɗa a tukunya ta ciyar da gida wallahi har yanzu ban ga wanda ya kama ƙafarmu ba.

A nan gyaɗa da danginta shago guda gare su nasu na kansu, kuruyemish suke ce masa, ba a haɗa su da shinkafa da omo. Duk unguwar da kika shiga sai kin samu, kuma suna kaiwa dare a buɗe dan mutanen nan basa hira sai da shayi da ɗan abin taunawa. Kina shiga ƙamshin suya ne zai fara tarbarki saboda da yawansu injin gasawar yana nan cikin shagon, kaya kuma kowanne a akwatin gilas ɗinsa, ga takardar farashin kilo a jiki, ba ƙuda ba ƙura. Mai shagon zai ɗebo ya miƙo miki ki ɗanɗana, ko baki saya ba ba zai ɗaure fuska ba. Awo kuma da sikeli ne, ko giram ɗari kike so za a auna miki, babu maganar mudu ko gwangwani balle a yi ta rigimar an lotsa gindin kwano. Sikelin nan shi ya fi komai burge ni gaskiya, dan ya raba su da zargi, mai saye ya ga lamba mai sayarwa ya ga lamba shikenan.

Sai abin da nake so ki riƙe da kyau, komai da sunan garinsa ake sayar da shi. Akwai wani da suke kira findik, girmansa kamar gurjiya, ɓawonsa ruwan ƙasa mai tauri, ciki kuma maiƙo da garɗi. A gaɓar tekun Bahar Aswad da ke arewacin ƙasar ake nomansa, su Ordu da Giresun da Trabzon, kuma wajen kashi biyu cikin uku na wanda duniya take ci daga ƙasar nan yake fita. Cakulan ɗin Nutella da yara suke so a shafa musu a burodi ai shi ne a ciki, kamfanin Ferrero na Italiya mai yin ta yana cikin manyan masu saye a nan. Idan aka rubuta na Giresun ne toh kuɗinsa daban, kuma mutane suna biya ba musu dan sun san sunan. A watan Agusta ake tsinkarsa a kan tsaunuka masu gangara, 'yan ƙwadago su taho da iyalansu tun daga kudu maso gabashin ƙasar, aiki ne mai wuya ƙwarai kuma su ma suna kukan ladan bai kai wahalar ba. Duk shekara kuma wata hukumar gwamnati, TMO, tana sanar da farashin da za ta saya, sai ki ga ana ta muhawara a talabijin manoma na cewa ya yi kaɗan. Abin ya tuna min labaran Baba na zamanin dalar gyaɗa a Kano da su Alhassan Ɗantata, kafin fari da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su karya noman, daga baya a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona ma gaba ɗaya. Su dai har yau manominsu ya san akwai wani farashi da zai dogara da shi.

Sarkin shagon kuwa shi ne koren nan da alhazai suke kawowa tsaraba, mai ɓawo a tsage, su Antep fistik suke cewa saboda garin Gaziantep, ko da yake ana nomansa sosai a Urfa da Siirt ma. Bishiyar shekara guda ta zuba 'ya'ya shekara guda ta yi ƙaranci, shi ya sa farashin baya zama wuri ɗaya, amma ko yaushe dai da tsada. Da shi ake baklava ta asali, fulawa ce ake murzawa siririya har kina hango hannunki ta ciki, a jera ta hawa hawa da man shanu, a zuba koren nan a tsakiya, a gasa a kwarara ruwan suga. Wanda za a yi baklava da shi tun bai gama nuna ba ake cire shi dan ya fi kore. Tarayyar Turai ta yi wa baklavar Gaziantep rajista da sunan garin tun 2013, UNESCO kuma ta sa garin cikin biranen abinci a 2015, kinga inda riƙe suna ya kai su. Da sallah ita ake kaiwa gidan surukai da dangi, wanda aljihunsa bai kai ba sai ya sayi mai jebiz.

Jebiz ɗin nan shi ne wolnot, amma ba irin baƙin nan da ake dafawa ana talla a Kudu ba, wannan busasshe ne mai ɗan ɗaci ɗaci, kuma shi na ga ya fi shiga girki. Akwai wani abinci da ake danganta shi da Carkisawa, mutanen yankin tsaunukan Kokeshas da suka yi hijira zuwa nan, a dafa kaza a yayyaga naman, a niƙa jebiz da burodi da tafarnuwa a dama da romon kazar a haɗe, a ɗiga mai da jan barkono a kai, a ci da sanyinsa. Duk abincinsu shi ne ya ɗan kusanci miyar gyaɗa a bakina. Kabewa kuwa Yaya, da suga suke dafa ta, su barbaɗa jebiz da niƙaƙƙen riɗi a kai su ci bayan abinci, maƙwabciyata sai da ta riƙe baki da ta ga na sa kabewa a miya da attaruhu. Ita ce kuma ta kawo min ashure a watan Muharram, alkama da wake da busassun 'ya'yan itace a dafe da suga, sama an yi ado da rumman da findik da jebiz, gida gida ake rabawa kuma al'adar ta shiga raina sosai. Akwai 'ya'yan wata bishiyar fain farare ƙanana da ake sawa a shinkafar biki da hanta da zabibi, su kam da cokali ake ɗiba dan tsada. Da sanyi kuma masu kura suna gasa wani ɗan itace mai ɓawo da suke kira kestane a titi, shi ba mai gare shi ba, gari ne mai ɗan zaƙi.

Amma ki lura da duk abin da na lissafo, ko kayan zaƙi ne, ko ado a saman abinci, ko abin taunawa da shayi. Tukunyar talaka ta yau da kullum miyar adas ce, wani ɗan ƙaramin dangin wake, da wake da ɓarzajjiyar alkama da suke kira burgul da burodi, findik da fistik basa shiga wurin. Mu kuwa mudu ɗaya na gyaɗa idan ya shiga hannunki sai ya fitar da mai, ya fitar da tunkuza, ga kuli, daga kulin a daka yajin tsire, a yi kwaɗon zogale da na rama, a yi labun kilishi, a dama kunun gyaɗa wa maijego da mai azumi, a kaɗa miyar taushe, harawar ma dabba ta ci. Yaron da gidansu ba nama ya sami abin gina jiki a kwaɗo ba tare da uwar ta ci bashi ba. Wannan ilimin na mata irinki ne, kuma ni a nan na ƙara ganin girmansa.

Gyaɗar tasu a Osmaniye da Adana ake nomawa, manya manya ce mai kyan gani, yawanci an gasa ta an lulluɓe da gishiri. A bakina dai bata kai ƙaramar jar nan tamu garɗi ba. Ɗanya sai kin tambaya musamman. Niƙaƙƙiya akwai a kwalba a manyan kantuna irin su BİM da A101 da Migros, amma dole ki karanta jikin kwalbar dan da yawa akwai suga a ciki, bata miya. Man gyaɗa kuma da ƙyar ki gan shi, su man sanfulawa da na zaitun suke girki da shi. Ni dai ɗanyar nake saya in soya a kasko in murje in markaɗa a bilenda, in sami alayyafo da kabewa a kasuwar mako ta unguwa, daddawa kuma sai shagunan 'yan Afirka na wajen Aksaray ko Esenyurt, da tsada kuma ba kullum take da kyau ba. Kunu da lemon tsami nake yi idan tsamiya ta ƙare. Aya ban ganta a shagunansu ba sam, goro ma sai in wani ya zo da shi.

Abin da yake ci min rai shi ne riɗi da kashu. Garin nan ba a karyawa sai da simit, burodi ne zagayayye an bulbule shi da riɗi, ga tahin, wato niƙaƙƙen riɗi, da halawa duk riɗi, kuma Turkiyya tana cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, suna saye a Sudan da Chadi ma. Wato na Jigawa da Nasarawa da Binuwai, wanda ake lodi a Dawanau da Maigatari, yana iya zama shi nake ci a nan, amma ba wanda ya san sunan garuruwanmu, a buhu ya zo ba suna. Kashu kuma namu na Kogi da Ogbomosho ɗanye ake fitar da mafi yawansa zuwa Biyetnam da Indiya, su fasa su gyara, ribar ta tsaya a can, a nan kuma yana sahun masu tsada.

Dan haka ga shawarata gare ki, kuma duk ba abin da ya fi ƙarfinki. Gyaɗar da za ki saya ki tabbatar ta bushe ƙarau, a shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, buhu kar ya taɓa siminti ko bango, a ɗora a kan katako. Duk wadda ta yi baƙi ko ta yamushe ko ta yi funfuna a tsince a zubar, kar a ce za a yi kuli da ita, dan funfunar nan tana haifar da guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta, kuma suya bata kashe ta. Su ma nan ana dawo musu da kaya daga Turai wani lokaci saboda ita, shi ya sa suke tsananta bushewa da tsinta. Masu noma miki kuma su tambayi malaman gona maganin wannan gubar mai suna Aflasafe na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, a gona ake watsa shi. Sai ki sayi ƙaramin sikeli, ki riƙa ƙulla kulin da nauyi ɗaya a leda mai kauri a liƙe baki, ki sa 'yar takarda da sunan garinmu da ranar da aka soya, man kuma a sabuwar gora ba tsohuwar robar ruwa ba.

Idan masu zuwa saro kaya za su taso ki haɗo min kuli mai yaji da daddawa da tsamiya, a naɗe daddawar leda biyu ko uku saboda kar ta kama musu kaya da wari. Ni kuma zan ba su findik da jebiz ki gwada abincin kazar nan, na Inna a daka mata shi lukwi saboda haƙora.