Allurar ceftriaxone: yadda ta yi wa ƙanena bayan hatsarin babur

Ƙanena ya faɗi a kan babur, ƙeyarsa ta daki kwalta. Mai kemis na unguwa ya ɗinke wurin, ya haɗa masa ampiclox da maganin ciwon kai, muka dawo gida muna hamdala. Kwana biyu yana ta goge hanci. Wani ruwa ne garau kamar na famfo, ta ƙofar hanci ɗaya kawai yake ɗiga, in ya sunkuya alwala sai ya ƙaru. Mu duk mun ɗauka mura ce. Ranar ta biyar zazzaɓi ya rufe shi, wuya ya sandare, ko hasken waya ba ya son gani.

A asibiti hoton kai ya nuna ƙashin gindin ƙoƙon kai ya tsage. Likitar ta ce ruwan nan na kewayen ƙwaƙwalwa ne, kuma ta wannan tsagar ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanci suka haura suka haddasa sanƙarau. An ɗebi ruwan baya don gwaji, amma ba a jira sakamako ba, aka fara masa ceftriaxone giram 2 ta jijiya duk awa 12, haɗe da vancomycin.

Gaskiya allurar ta yi aiki. A kwana na uku zazzaɓin ya sauka, ya buɗe ido ya ce a kawo masa koko. Sai dai ba ta da sauƙi. Kwana 14 aka yi ana yi, kwalba huɗu kullum, kwalba 56 ke nan, aljihu ya ji jiki. Samfurin ceftriaxone mai suna Rocephin ya fi ƙarfinmu, muka koma ga wani mai rahusa da likita ta amince da shi, ina duba lambar NAFDAC a kowane kwali. Jijiyar hannunsa ta kumbura har aka sauya wurin allurar sau uku, ga gudawa da ta dame shi kwanaki. Na lura nas ɗin ba ta taɓa haɗa ta da ruwan Ringer, irin wanda ake ƙara wa marasa lafiya, ba, ta ce sinadarin kalsiyam da ke cikinsa ba ya jituwa da allurar.

A kwana na bakwai Baba ya ce tunda ya miƙe a sallame mu. Likitar ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, in aka yanke yanzu ciwon zai iya dawowa." Na tambaye ta ko da an yi masa allurar tun ranar farko da bai kamu ba. Ta ce ba kowa ake yi wa ba don rigakafi, ruwan hancin nan ne ya kamata ya kawo mu tun da wuri.

Yanzu yana gida. Kunnensa na hagu bai dawo daidai ba, an ba mu ranar ganin likitan kunne wata mai zuwa.